Takalman Jamila a Ƙofar Zauren Ɗalibina

Assalamu alaikum Malama Luba. Don Allah ki taimake ni da shawara, don abin da yake cina ba zan iya faɗa wa kowa a unguwarmu ba, ko liman, da muka yi wasan ƙasa tare. Shekarata sittin da huɗu, kuma kishi nake yi. Na rubuta kalmar na soke ta sau biyu, na nemi wata mai ɗan mutunci ban samu ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da biyar ina shan ƙurar alli, na fara da firamare na ƙare a sakandare, ina koyar da Turanci, in an rasa malami in haɗa da lissafi. Gidanmu na gado yana cikin badala, a wani lungu kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Da na yi ritaya sai na lura da wani abu. Yaro zai samu gurbi a jami'a, a yi ta murna ana taya uwa barka, bayan zango ɗaya ki gan shi yana bin jikin katanga kansa a sunkuye. Ba ya iya cika shafi guda da tunaninsa, in ya ga lamba a kan lamba da layi a tsakani gumi ya keto masa. Sai na share zaurena, na sa allo, na ce duk sabon ɗan jami'a ya zo safiyar Asabar da Lahadi, saboda Allah. Maza gefe, mata gefe. Shekara bakwai ana haka. Takalma kan cika ƙofar gida har mai ɗakina ta riƙa mitar ba ta da hanyar wucewa, ni kuwa mitar nan daɗi take yi mini.

Yadda aka koya mini haka na koyar. Na zauna na rubuta insha'i guda goma da hannuna, na tace su tas, na ce a haddace. Lissafi kuma a riƙe ƙa'ida, a maimaita har ta zauna. Ba a yi mini musu, ba a tambayata dalili. Haka muka tashi, kuma ba mu lalace ba.

Bara waccan abin ya faru. Yaran zaurena biyar suka shiga gwajin rubutu a jami'a, aka ba su tambaya, duk su biyar suka zubo insha'ina na huɗu, kalma da kalma, har da wuraren da na sa waƙafi. Aka ce satar amsa suka yi, aka kira su gaban kwamiti, ana maganar kora. Iyaye suka cika zaurena.

A nan Mikail ya shigo labarin. Ba sunansa ke nan ba, amma mu bar shi haka. Ɗan Malam Gambo baduku ne, mai rumfa a Kasuwar Kurmi, ƙofar gidansu tana kallon tamu. Ni na kama hannunsa ya rubuta harafin farko, yana majina yana kuka. Yanzu ya gama digiri na biyu yana koyarwa a wata kwaleji. Shi ya raka yaran, ya roƙi kwamiti a ware su ɗaki ɗaki kowa ya karanto insha'in da ka. Suka karanto kuwa, ko tuntuɓe babu. An ce har dariya 'yan kwamitin suka yi. Aka janye zargin sata, amma aka ba su sifili, don ba abin da aka tambaye su suka amsa ba. Na gode masa, Allah ya sani. Sai dai tun daga ranar labarin da yake yawo a unguwa shi ne Mikail ya ceto yaran Malam.

Bayan sati biyu ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Kin san al'adarmu ta cikin gari, ɗalibi ba ya shimfiɗa tabarmar koyarwa a unguwar malaminsa sai da izini. Ya ce yana so mu haɗa, in riƙe rubutu da ƙa'ida, shi ya riƙa sa su tunani. Kalmar tunanin nan ta soke ni, kamar ni shekara bakwai tumaki nake kiwo. Na yi murmushi na ce ya je ya buɗe nasa, na sa masa albarka. Da baki na sa, a raina kuwa cewa nake wata guda ya yi yawa, za su dawo.

Ba su dawo ba, Malama. Yanzu aikina duk Asabar shi ne in fito kamar zan zubar da ruwan alwala, in ƙirga takalman ƙofarsa. Satin jiya ƙafa ashirin da shida. A tawa ƙofar uku, biyu na 'ya'yan ƙanwata ne da uwarsu ta tilasta.

Kuma me yake yi musu? Ina jiyowa, lungun namu ba faɗi gare shi ba. Ya yanko sakin layi daga jarida ya ce su nemo abin da marubucin yake so su yarda da shi, da hujjarsa, da inda ya yi musu wayo. Ya ɗauko fata daga rumfar ubansa ya shimfiɗa, ya ce su auna su faɗi takalmi ƙafa nawa za ta fitar, kashi nawa cikin ɗari zai tafi a yanke-yanke. Su yi ta gardama, har shi suna ce masa bai yi daidai ba, yana dariya. Wata rana bayan la'asar a majalisa na ce wannan ba karatu ba ne, koyar da rashin kunya ne, kuma a gaban Malam Gambo na faɗa. Bawan Allah ya karkaɗe rigarsa ya tashi. Maƙwabtakar shekara arba'in. Shi kuwa Mikail har gobe duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, kuma an ce kullum yana gaya wa yaran ni ne malaminsa. Wallahi da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne autata, Jamila. Bana ta shiga jami'a, fannin tattalin arziki, kuma gwajin lissafi na farko ya kayar da ita, ita da take zaune a gaban allona tun ranar da na kafa shi. Wata rana ta tambaye ni a hankali, in za a raba lamba da ɗaya bisa huɗu, me ya sa ake kifar da ita a ninka? Na ce haka ƙa'ida take. A gaskiya ban sani ba. Shekara talatin da biyar ina koyar da abin, ban taɓa tambayar kaina ba. Bayan kwana biyu muna karyawa, ta ɗauki gurasa biyu ta yanka kowacce gida huɗu, ta jera, ta nuna mini cewa tambayar kawai ita ce kwata nawa ne a cikin biyu, ga su nan takwas. Fuskarta tana ta haske. Ni kuwa sai na ajiye gurasar, don na san ba a zaurena ta samo wannan ba.

Dama ta ɗan jima tana ce mini tana da lacca ranar Asabar. Da Asabar ta zagayo na fito ƙirgata, sai ga takalmanta a ƙofar Mikail, jajaye, waɗanda na saya mata da kaina a Kurmi ranar da sunanta ya fito. Malama, ban san lokacin da na sunkuya ba. Na kwashe su na sa a cikin babbar rigata na shige gida. Da azahar ta dawo da silifas ɗin mahaifiyar Mikail, sun yi mata yawa tana jan su. Ba ta tambayi kowa ba.

Yau sati uku ke nan. Ba ta sake zuwa can ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini abinci, tana zama a zaurena ta kwafe abin da na rubuta, amma ba ta ƙara yi mini tambaya ko ɗaya ba. Uwarta, wadda na tabbata da saninta Jamila take zuwa can, kallona kawai take. Jarrabawar ƙarshen zango saura sati huɗu, in ta faɗi lissafin nan sai ta maimaita shi baɗi. Takalman suna cikin akwatin littattafaina, a kan insha'in nan goma.

In na bar ta ta koma, duk lungu zai ga har 'yar cikina ta guje ni. In na hana, ina tsoron in kayar da ita da hannuna. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi, na gaji da kaina.

Naki,
Tsohon malami, cikin badala.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da amanar da ka ba ni. Mutumin da ya iya kiran kishinsa da sunansa a shekara sittin da huɗu bai yi nisan da ba zai dawo ba.

Bari in fara da haƙƙinka. Shekara bakwai ka buɗe zaure lokacin da ba wanda ya kula da yaran nan, kuma ciwon ganin ƙofarka ta bushe ciwo ne na gaske, ba wanda zai ce maka kar ka ji shi. Hadda ma ba abin kunya ba ce. Yaron da bai riƙe jadawalin ninkawa ba, bai san inda ake sa aya ba, gardamarsa ba za ta kai shi ko'ina a takardar jarrabawa ba. Jamila ta yi kuskure da ta yi maka ƙaryar lacca, Mikail ma ya kamata ya sanar da kai ranar da ya fara ganinta a zaurensa. In ka gaya musu haka cikin natsuwa, ba ka yi laifi ba.

Amma ka nemi gaskiya, to ga ta. Jami'a ba ta tambayar abin da aka ba yaro, tana tambayar abin da zai iya yi da shi, kuma yaran nan biyar sun riga sun nuna maka haka da sifilinsu. Mikail bai ƙwace maka komai ba. Ya zo ya durƙusa ya miƙo maka rabin aikin, kai ka mayar masa. Jamila kuwa ka sake duba abin da ta yi. Da ta gane dalilin nan na lissafi, wa ta fara kawo wa? Ba ƙawayenta ba, kai ta yanka wa gurasa. Yarinyar da ta guji ubanta ba ta yin haka. Abin da ya kamata ya hana ka sukuni ba takalma ashirin da shida ba ne, shirun da ta yi ne. Sati uku ba ta tambaye ka komai ba, kuma kai ka koya mata cewa tambaya tana jawo a dawo gida da silifas ɗin aro.

Yau ɗin nan ka buɗe akwatin. Kar ka ba uwarta ta miƙa mata, kar ka ajiye a ƙofar ɗakinta kamar aljani ne ya dawo da su. Ka kira ta, ka ba ta a hannu, ka ce kai ka ɗauka kuma ba ka kyauta ba. Girmanka ba zai ragu ba. Sannan ka ce ta sake nuna maka lissafin gurasar, ka saurara har ƙarshe.

Maganar da ka yi a majalisa, a majalisa za ka janye ta, a gaban Malam Gambo da waɗanda suka ji. Wannan zai fi yi maka nauyi, shi ya sa nake so ka yi shi kafin Juma'a, kafin ɗansa ya sake zuwa ya durƙusa maka.

In ya zo, ka tambaye shi ko tayin nan nasa yana nan. Ina kyautata zaton yana nan, kuma ina da yaƙinin a cikin yaransa akwai masu bakin gardama da rubutunsu ba ya karantuwa. Suna buƙatar jan bironka. Insha'inka goma ma kar ka ƙone su, ka kai su a karanta, a warware, a ga yadda ka gina kowane sakin layi, sannan kowa ya rubuta nasa. In wani ya ce bai yarda da na huɗu ba, ka danne zuciya ka tambaye shi dalili. Ban ce kishin zai tafi rana ɗaya ba. Zai riƙa taso maka, musamman in suka yi dariya a darasinsa ba su yi a naka ba. Ka yi wa Mikail addu'ar alheri da sunansa bayan kowace salla, yana rage zafin.

Game da abin da lungu zai gani, lungu ya riga ya ga yarinya tana jan silifas da rana tsaka, kuma kar ka ɗauka ba a san dalili ba. Saura sati huɗu, Malam, ba ka da lokacin jinya. Ranar Asabar ka sa babbar rigarka, ka riƙo allinka, ka taka da Jamila zuwa ƙofar Mikail kowa yana kallo. Ta tuɓe jajayen takalmanta, kai ma ka tuɓe naka ka ajiye kusa da su. Duk mai son ƙirga ya fito ya ƙirga, zai samu naka a ciki.

Allah ya ba Jamila sa'a, ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka ga amfanin hannun da ka kama ya rubuta harafin farko.

Malama Luba