Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwarta, da a da ne sai in tambayi lafiyarki da ta mutanen Kebbe, da yadda damina ta bar ku. To, kin riga mu gidan gaskiya, tambayar lafiya ta ƙare tsakaninmu, sai addu'a. Na san babu direban da zai kai miki wannan takarda. Amma maganar da ke cikina ta yi wa masu rai nauyi, kuma ke kika fara ɗaukar kayan nan kafin ni.

Maganar jikanki ce, ɗana na fari, wanda kike tsokana kina ce masa maigidanki. Inna, tun da kaka ta shigo, in na dube shi Modi nake gani, kuma tsoro ya hana ni sukuni.

Ban manta da ƙanena Modi ba, ko da yake gidanmu ya daina ambatonsa. Lafiya lau kika haife shi, ɓul-ɓul, har mata na cewa nononki albarka gare shi. Sai da ya fara gudu abin ya soma. Yatsunsa suka lanƙwashe kamar yana riƙe da dunƙulen fura, cikinsa ya tasa, cibiya ta fito, kai ya yi girma, majina ba rani ba damina. In ya yi barcin rana a zaure, ɗaliban Baba sai sun ɗaga murya saboda munsharinsa.

Ba abin da ba ku gwada ba. Wanzami ya ce saifa ce, ya yi masa tsaga a ciki. Baba ya yi rubutu har tawada ta rine masa yatsu. Ke kuwa kullum da hantsi ki zaunar da shi a rana, ki ɗumama man shanu, ki bi gaɓoɓinsa kina miƙarwa, da kin saki su koma. Modi bai kai ga yin gemu ba Allah Ya karɓi abinSa.

Maganarki ɗaya ce har kika tsufa: "Ni nij ja mai. Igiyar jaki nit tsallake ina da cikinai." Tsofaffi sun ce mai ciki ba ta tsallake igiyar jaki, ke kuma rannan kina sauri tuwo zai kama, kika tsallake. A kan wannan taku ɗaya kika hukunta kanki rabin rayuwa. Ina jin haushin maganar tun ina yarinya, amma ba ni da abin da zan karya ta da shi.

Da na tafi koyon aikin duba jini, ke kika fi kowa yi mini dariya. Kika ce duk karatun nan, ashe fitsarin mutane na tafi in koyo shaƙa. Na ƙyale ki don na san da kuɗin kajinki aka saya mini akwati. To, a can na ji labarin abin da ya kashe Modi, kuma bari in gaya miki shi yadda za ki gane.

Kin san in an daɗe ana dafa ƙafar saniya, romon yakan yi danƙo, in ya huce ya daskare. Irin wannan abu yana nan cike a jikin ɗan Adam, a guringuntsi, a jijiya, a ƙarƙashin fata, a tsakanin gaɓa da gaɓa. Malamanmu suna kiransa furotiyogilaikan, na san da kin ji sunan sai ki ce in tofar kada ya maƙale mini. Gininsa kamar zangarniyar gero ne, sanda ɗaya a tsakiya, dogayen silin sukari sun kewaye ta, su ke riƙe ruwa, shi ya sa gwiwa ke lanƙwasa ba ta ƙara. Kullum jiki yana yin sabo yana narkar da tsoho, kuma akwai sinadaran da Allah Ya ɗora wa aikin narkarwar. In aka haifi yaro babu ɗaya daga cikinsu, tsohon ba ya fita, sai ya yi ta taruwa. Ya taru a gaɓoɓi su ƙage, a hanta da saifa su kumbura, a harshe da maƙogwaro numfashi ya yi wuya, har zuciya. Fararen ƙwayoyin jini ma suna haɗiye shi su kasa narkarwa, sai a gan shi a cikinsu in an rina jini an duba.

A aji na ji wannan, na rubuta, na ci jarrabawa. Na yi tunanin Modi ranar, na yi kuka a makewayi, na share hawaye, na ɗauka maganar ta wuce.

Da na yaye jikanki kika zo Tambuwal da kanki kika goya shi zuwa Kebbe, kamar yadda aka saba. Ɗan fari na kaka ne. Ke kika koya mini kunyarsa: kada in kama sunansa, kada in ɗauke shi a gaban mutane, in ya faɗi in kau da kai wata ta ɗaga shi. Na kuwa iya, har ana yabona. In na zo Kebbe da salla, daga nesa nake satar kallonsa, in ga ɗan guntun yaro mai tumbi cikin babbar riga, in ce a raina fura ce ta karɓe shi. Ni da nake yini ina leƙen jinin 'ya'yan mutane, ban taɓa buɗe tafin hannun nawa ɗan ba. Ba ki yi laifi ba, ni ma ban ce na yi ba, haka muka tarar.

Bayan rasuwarki aka dawo mini da shi, daidai lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Garin nan ya cika da sabbin ajujuwa, ko fenti bai bushe ba. Malam, mahaifinsa, ya saya masa allo da takalmin roba, ya kama hannunsa zuwa wurin ɗaukar yara, ni kuma na bi ta can a kan hanyata ta asibiti, wai wucewa nake.

Kin san yaranmu ba su da takardar haihuwa, don haka malaman da hannu suke auna shekaru. Yaro ya ɗora hannun dama ta bisa kansa, in ya taɓo kunnen hagu ya isa shiga. 'Yan ƙanana da aka haifa bayansa suna ta taɓowa suna tsalle. Da aka zo kansa ya ɗaga hannu, kafaɗa ta ƙi, hannun ya tsaya daidai goshi, yatsun a lanƙwashe. Ya cije leɓe ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi. Malamin, bawan Allah, da murmushinsa ya ce: "Wanga bai isa ba tukuna, a komo da shi baɗi." Mutane suka yi dariya irin ta tausayin ƙaramin yaro. Ni kuwa na san hannun nan, na sha ganinsa a cinyarki yana sheƙi da man shanu.

Ranar na ajiye kunya. Na kai shi ɗakin aikina, na kama yatsansa, karo na farko ina kallonsa ido da ido, na soka, ya ce wash, ya yi mini dariya. Na shafa jinin a gilashi, na rina, na juya madubin na'urar duba jini wajen taga don da hasken rana take aiki. Ina addu'a in ga zazzaɓin cizon sauro, in ga ƙarancin jini, in ga kowace irin cuta da na san allurarta. Sai ga fararen ƙwayoyin cike da ɗige-ɗige masu duhu, kamar an watsa musu garin kwalli. Na ɗiga fitsarinsa a takardar gwaji na zuba shuɗin rini, wurin ya juye ya koma ruwan makuba. Na sake, ko hannuna ne ya yi kuskure. Hannuna bai yi kuskure ba.

Na kai shi Sakkwato wurin wani likitan yara, baƙo daga ƙasar waje. Ya duba shi tsaf, ya duba gilashina, ya yaba aikina, ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba. Na tambaye shi magani, ya ce babu. Na ce ko a ƙasar Turawa, tunda yanzu jirgi ba wuya. Ya girgiza kai. Inna, kuɗin mai sun kawo mana kwalta, sun kawo siminti da firji da motoci har ba wurin ajiyewa, amma ɗan sinadarin da bai kai ƙwayar gishiri ba, babu jirgin da ya ɗauko shi.

Na so in rubuto miki albishir ɗaya ko da a makare: ba igiyar jaki ba ce. Da kin zagaye ta, da kin yini a ɗaka, Modi haka zai zo. Sai dai likitan ya ƙara da abin da na riga na sani ina gudu. Irin wannan ta wajen uwa yake bi, ɗiya mace ta ɗauke shi lafiyarta lau, ta miƙa wa ɗanta namiji. Sai na tuna gajeren kawun nan naki na Fakku da kika ce ya rasu da ƙuruciya, muryarsa a shaƙe. Daga kakarki ya zo wa uwarki, ya zo miki, ya zo mini. Ban san ko na sauke miki kaya ba ne ko na ƙara miki.

Akwai tambayar da ke cina. Yaron nan a bayanki ya girma, ke kike yi masa wanka. Ba yadda za a yi idon da ya reni Modi ya kasa ganewa. Maƙwabciyarki ta ce mini kullum da hantsi tana ganinku a rana ke da shi. Kin sani, Inna, kika yi shiru, kika bar ni ina yawo da farar riga ina jin ni ma'aikaciya ce. Wani lokaci in ji haushinki, wani lokaci in ga shekarun kwanciyar hankali kika ba ni kyauta. Ina kewarki, wallahi, ko faɗa ne mu yi.

Na gaya wa Malam. Ya ce Allah Ya fi mu sanin abinSa, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Shi yana da inda zai kai nasa. Ni kuwa ilimina ya tsaya ne daidai inda zai hana ni fata. Ke kina da wanzami na gaba, da malami na gaba, da saiwar da ba a gwada ba tukuna. Ni na san abin da zai faru da kunnensa, da numfashinsa, da zuciyarsa, bi da bi, kuma ba ni da ko cokali ɗaya na abin ba shi.

Maigidan naki bai san komai ba. Shi dai an ce baɗi, ya riƙe. Kowace safiya in yara sun wuce da jakunkunansu, sai ya tsaya a tsakar gida ya ɗora hannu bisa kai yana nishi. Ni kaɗai na san hannun nan baɗi ba zai kai inda ya kai bana ba. Jiya ina shirin fita ya tare ni a ƙofa, ya miƙo mini hannun, ya ce: "Ja mini shi kaɗan, saura ƙiris." Na ajiye jaka, na durƙusa a gaban matan gida, na kama hannun ina ja a hankali. Ya tambaye ni ko ya kusa. Inna, na ce masa ya kusa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da Modi a inda gaɓa ba ta ciwo. Allah Ya sassauta wa jikanki, Ya sa numfashi kada ya wahalar da shi. Ni kuma Ya ba ni ko rabin ƙarfin da kika yi, domin gobe da safe zai sake miƙo mini hannun.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Kulu