Jakar Baba Ba Za Ta Tafi Amurka Ba

Karantina, Jidda
12 ga Sha'aban, 1419

Zuwa ga ƙanena Abdulghaffar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, Allah ya tsare ka a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai ƙafar Inna da ta sake kumbura, yanzu a zaune take sallah.

Wasiƙarka ta iso har da hotuna. Na ga kufan kakannin mutanen Pueblo, 'yan asalin Amurka, da ƙungiyarku ta sa-kai take kula da shi, na kuma gan ka tsakiyar 'yan makaranta kana nuna musu ɗakunan da aka gina a jikin dutse. Shafi biyu ka cika da labarin yadda kuke hana baƙi ɗaukar ko da tsingaron tukunya, don jikokin masu wurin suna raye. Sai a ƙarshe ka ce in aiko maka jakar fatar Baba da takardun da ya yi tafiyar ƙasa da su daga Abeche zuwa Sawakin a hanyarsa ta zuwa Makka, wai ka sa a akwatin gilashi yara su gani. Ashe mu ba masu rai ba ne?

Ba zan aiko ba, halas, magana ta ƙare. Da Baba yake jinya ka ce ruwa ya rushe muku bango a kufan, babu mai gyara sai kai. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ba ka zo ka yi wa Inna ta'aziyya ba. Jakar nan a gefen matashinta take, da ita take hira idan kewarsa ta taso mata. Da na karanta mata wasiƙarka ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko ka ambaci ƙafarta. Na ce mata ka ambata. Ƙarya ka sa na yi wa uwata, kuma ba zan sake ba.

Kafilinka da ya tsaya maka ya aiko cewa iƙamarka, takardar izinin zamanka a Saudiyya, za ta mutu bayan aikin Hajji. Idan ta mutu kana can, ka san ba ka da hanyar shigowa ko da gawar wani ce a ƙasa. Sai ka zaɓa.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. 'Yar'uwarmu Rabi'a da mijinta Hamad suna gaisuwa. Kawu Na'ibi ya ce kada in sa sunansa cikin masu gaishe ka.

Yayarka,
Zakiya