Farar da ta Sauka a Kwalekwalen Baban Yara

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ciwon gwiwar nan kuma ya sake ka. Mu kam sai addu'a.

Yaya, sun farfasa min miji. Shekaranjiya Baban Yara yana tsakiyar teku yana jan koma, sai ga fara tana zubowa cikin kwalekwalensa, jajaye, a gajiye liƙis, a inda ko tsibiri babu. Ka san shi da rashin iya shiru. Maimakon ya share ta cikin ruwa, sai ya cika kwando ya taho da gudu dandalin manoma, wai su gani da idonsu su gaggauta girbi.

Wallahi ko rufe baki bai yi ba. Wani ya ce fara ba ta ƙetare teku da fikafikanta, masunta ne suka yo dakonta don mugunta. Mai injin niƙa, da yake cin kifinmu kyauta, shi ya fara sauke masa ƙotar fartanya a ƙeya. Suka rufe shi da duka, suka ja shi a ƙasa har bakin ruwa, suka banka wa kwalekwalen wuta. Na faɗa kansa, aka yi jifa da ni kamar tsumma. Yana asibiti, bai san wanda ke kansa ba. Ka taya mu roƙon Allah.

Taka ƙanwa,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. A lallaɓa wajen faɗa mata. Baban Yara ya cika jiya da hantsi.

Ana cikin yi masa wanka rana ta dushe. Farar ta taso daga teku kamar hadari, ta dira kan gonaki har rassan bishiyoyi suna karyewa. Maza suka bazama suna kaɗa garwa suna kunna wuta, aikin banza, kafin la'asar ko ganye babu. Da ƙyar aka rufe Baban Yara, ana haƙa kabarin yana cika da fara ana kwashewa.

Yanzu manoman suna ta aiko min da gaisuwa, wai ƙaddara ce. Ban yafe ba, Yaya, kada kuma ka zo ka ce in yafe. Ka zo da mota kawai ka kwashe ni da yaran, don duk wanda zai miƙa musu hannu a unguwar nan, da hannun ya daki ubansu.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta