Hancin da Ba Ki Bar Mini Ba

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike kwance. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san allona a izu biyu ya tsaya, kuma ba malam ne ya gaji ba.

Inna, yau shekara huɗu da rasuwarki, kuma akwai abin da na ɓoye miki tun kina raye. Hancina ba ya aiki. Tun shekarar da na yi aikin kwashe ragowar dabbobin layya a Mina ya yi murabus. Turare da kwata duk ɗaya ne a wurinsa. Yana nan dai a fuska, don kada a ce babu.

Kina raye ban damu ba. Motar kifi ta iso unguwarmu Mansur daga Jidda, ƙanƙara na ɗiga, ki sunkuya ki shaƙa sau ɗaya ki ce, "Wannan na jiya ne, a mayar wa mai shi." Ni kuwa sai in gyaɗa kai kamar na ji.

Da kika tafi na gaji teburin, na gaji sunkuyon. Sai in ɗaga kifi gaban mai saye, in lumshe ido, in ja numfashi, in ce tayyib, wato mai kyau ne. Wallahi har yabona ake yi, wai ɗan Hajiya Rabi ya gado ta.

Bara cikin zafi na kai gida kifin da ya yi kwantai. 'Yata takwararki, da muke kira Ummi, ta ci. Kwana uku tana amai da gudawa, idanunta suka faɗa, 'yar shekara biyar ta koma kamar tsumma a hannun matata Binta. Allah Ya tashe ta. Amma tun daga ranar Binta ta ce kifina ba zai sake shiga tukunyarta ba. Ummi kuwa ko hango ni ta yi da kwando sai ta ɓuya bayan uwarta. Matar mai kifi tana aike teburin wani, Inna, unguwa na kallo.

Ana haka, kafin Hajjin bana, wata tsohuwa cikin alhazan da jirgin ruwa ya kawo ta tsaya gabana da mijinta. Na ce musu Jawa, sunan da muke kiran alhazan can gabashin duniya da shi a nan, mijin ya gyara mini da Larabcinsa mai ɗingishi irin nawa: mutanen Filibin ne. Na ɗaga kifi na yi sunkuyon nan nawa. Ta dube ni, ta dubi kifin, ta fashe da dariya har tana dafa teburi. Shekara huɗu ina ruɗin Makka, ita ko minti ba ta yi ba ta kama ni.

Ta kama hannuna kamar yadda kike yi in za ki nuna mini abu. Ta sa na duba idon kifi: garau yake ko ya yi hazo. Ta ɗaga kumatunsa: ja ne a ciki ko ya koma toka. Ta danna yatsana a jikinsa: in naman ya taso, lafiya, in rami ya zauna, a jefar. Rabin kwandona ta ware gefe.

Mijin ya ce kifi take sayarwa a kasuwar garinsu, a fili bakin teku. Can da asuba ake baje shi kan ganyen ayaba, ana yayyafa ruwa, kafin rana ta yi tsaka an tashi an wanke wurin tas. Abin da ya rage gishiri ne da shanya, ba ya kwana ɗanye. Maganarta ɗaya ya fassara mini: "Abin da ba za ka ba 'yarka ba, kada ka ɗora a teburi." Ba ta san labarin Ummi ba. Na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Ganyen ayaba dai babu shi a Makka, sai na koma jiƙaƙƙen buhu mai tsabta. Garwa biyu nake saye kullum don wanke teburi. Kafin azahar na tashi, saura ya sha gishiri. Maƙwabta na tsokanata wai na zama likita, ina duba majiyyacin da ya riga ya mutu. Na kuma faɗa wa Binta gaskiyar hancin. Ta ce ai ta sani tun ranar da tuwo ya ƙone ina zaune ina yaba ƙamshi.

Jiya Juma'a Binta ta zo teburin da kanta, riƙe da hannun Ummi. Ta tsaya tana kallo ina duba ido, ina danna yatsa. Na miƙa guda. Sai yarinyar nan ta matso, ta sunkuya, ta shaƙa sau ɗaya, ta gyaɗa kai. Inna, har yadda kike karkatar da wuya.

Ashe ba ki tafi da hancin ba, ni kawai kika tsallake. Da rana Ummi ta ci kifin, har ta nemi ƙari.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini abin da na ciyar da mutane cikin rashin sani, Ya kai tsohuwar nan gida lafiya, Ya raya miki takwararki.

Ɗanki mai hancin ado,
Sale mai kifi,
Mansur, Makka.