Wat Dubu Biyar da Kunnen Ya Fanna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Kayan Sauti, shiyyar Gaya da Ajingi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mabiyanka, da kwalayenku masu manyan lambobi.

Ranka ya daɗe, ina shelanta wa duniya, daga Gafasa har Balan, mutanenta da aljanunta, cewa daga yau na janye amincewata daga wat. Na yarda da mudu, domin ko mai awo ya danna babban yatsa a ciki, ido yana gani. Na yarda da kamu, na yarda da taki. Amma wat, wannan ma'aunin ƙarfi da kuke rubutawa a goshin amfilifaya, na zauna da shi wata uku cur, ya ci mini sifika, ya ci amfilifaya, ya ci mutuncina a gaban maƙwabtan mahaifiyata, kuma har yanzu ban sani ba ko aunawa ake yi ko kirari.

Ga asalin maganar. Mahaifiyata, Ya Fanna, tana zaune a gidanmu na Toranke. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falke ne, yana kai hatsi gabas ya dawo da kanwa. A zamaninsu babu waya, in tafiya ta yi tsawo sai mutum ya yi wasiƙarsa da baki a kaset, ya ba direba ya kawo gida. Da daminar bana, garin gyaran rufin ɗakinsa, muka tsinci irin wannan kaset guda a akwatin ƙarfe. Muka saka a tsohuwar rikodarsa, sai ga muryarsa, da tarinsa da komai. Sai dai da Barbarci ya yi maganar, mu kuwa 'ya'yansa a nan aka haife mu, Barbarcinmu bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Ya Fanna kaɗai ta rage a gidan da za ta fahimta, ita kuma kunnenta yana tafiya. Bara tana jin kiran salla daga ɗaki, bana sai an taɓa ta. Na ce a nemo mai fassara, ta ce wasiƙar mijinta ba ta kunnen kowa ba ce. Ta ce, "Bukar, ni dai a jiyar da ni abin da mutumin nan ya faɗa kafin kunnen ya tashi daga kasuwa."

Na ajiye rikodar a kan tabarma na ƙure mata murya, ba ta ji ba. Nan na yanke hukunci, a matsayina na mai ilimin gidan, cewa ƙarfi ne ya yi kaɗan. Akwai sifikokin marigayi guda biyu na katako, waɗanda yake lulluɓewa da ƙyalle mai aiki, a bayan kowace an rubuta wat arba'in, om takwas, shi ma om ɗin wani ma'aunin naku ne. Abin da ya rage amfilifaya. Daga nan ƙorafina ya fara.

Na ɗaya. Bayan an yanke gero na je shagon wani ɗan ƙungiyarku wanda ake ce wa Injiniya. Ya ɗora mini amfilifaya biyu a kan tebur. Ɗaya ba ta fi busasshiyar ƙwarya nauyi ba, a kwalinta an rubuta wat dubu biyar, da haruffan PMPO, da hoton walƙiya. Ɗayar kamar dutsen niƙa, an rubuta wat sittin, RMS, babu hoto, kuma ta fi tsada. Ranka ya daɗe, ni ɗan falke ne. In an ce ga dubu biyar da araha, ga sittin da tsada, wanda ya ɗauki sittin ai sai a kai shi ga mai magani. Duk da haka na yi bincike. Na tambayi ma'anar PMPO, Injiniya ya ce sunan garin da aka ƙera ta ne. Na ce to RMS fa? Ya ce wannan ƙauye ne a kusa da garin. Na ce za ta dace da sifikokina? Ya ce, "Haba Malam, wannan in ka kunna ta a Gaya, sai an fito kallo a Ajingi." Bai tambaye ni wat nawa sifikokin suke ɗauka ba, bai tambayi om ɗinsu ba, bai tambayi wanda zai saurara ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko ina son leda.

Na biyu. Na kai ta Toranke, na jona ta da batirin sola, na zaunar da Ya Fanna a gaban sifikoki. Tsorona ɗaya, kada dubu biyar ta yi wa arba'in yawa, don haka na fara murɗawa a hankali kamar mai ɗanɗana miya. Ba ta ji ba. Na ƙara. Ba ta ji ba. Na ƙure. Muryar mahaifina ta koma kamar ana yaga sabon yadi. Ya Fanna ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ya bar roba a wuta?" Sifikar hagu ce. Daga ranar ƙaramin bakinta mai fitar da siririyar murya bai sake cewa uffan ba.

Na ɗauki kayan zuwa wajen Malam Sale, mai gyaran rediyo a Balan, mutumin da ya tsufa da ƙanshin dalma. Na ce masa ƙarfi ya yi wa sifika yawa. Ya ɗaga amfilifayar da yatsa biyu, ya buɗe cikinta, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce in an yi mata adalci ba ta fi wat goma sha biyar ba. Ya ce PMPO tsallen da mutum yake yi ne in kunama ta harbe shi, RMS kuwa tafiyar da zai iya yi bayan garma daga safe zuwa azahar. Na ce to in ƙarama ce, yaya aka yi ta kashe sifikar da ta fi ta? Ya ce ƙanƙantar ce ta kashe ta, domin in aka tilasta wa ƙaramar amfilifaya abin da ba ta iyawa, sai ta riƙa aiko da sauti mai kaifi, shi ke ƙona ƙaramin baki. Ya ce, "Jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi, in zai faɗi, a kan tulun yake faɗuwa." Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Ban gane ba. Dubu biyar ta koma goma sha biyar, goma sha biyar kuma ta kashe arba'in.

Na uku, kuma a nan nake neman natsuwarka. Na koma na sayo mai nauyin, wato mai sittin. Da ita da sifikar da ta rage, murya ta fito tas, har kaji suka watse. Ya Fanna ta ce tana jin alamar mutum, amma kamar yana magana a bayan katanga. Muna cikin haka sai maƙwabcinmu Malam Idi, wanda babu gonar da ake nomewa a unguwar ba da shawararsa ba, ya leƙo ya ce, "Malam Bukar, boko ya ɓata ka. Abin da hannu ɗaya ya kasa ai gayya ke yinsa." Na auna maganar, na ga babu ɓaraka a cikinta. Sifika ɗaya tana ta fama ita kaɗai, in an kawo mata 'yan'uwa, ai aiki ya yi sauƙi.

Aka kira gayya. Ya Fanna ta amince ne kawai don ta tabbata duk unguwar babu mai jin Barbarci. Da hantsi mutane suka fara shigowa, kowa da sifikarsa a ka: ta mai shago, ta mai sanya waƙa a biki, har da wata da aka ciro daga tsohuwar mota. Bakwai aka kawo, da tamu takwas. Aka dama fura, aka ɗora tukunya, domin gayya ba ta yiwuwa da yunwa. Na murɗe wayoyi huɗu a dama, huɗu a hagu, na yi bismilla na kunna. Ranka ya daɗe, marigayi ya yi sallama da muryar da bai taɓa mallaka ba a rayuwarsa. Tsofaffi suka amsa. Ya yi tari, akuya ta tsinke igiya. Kafin ya gama gaisuwa amfilifayar ta yi zafin da za a gasa masara a kanta, ta yi ɗan tsaki, ta saki hayaƙi siriri, ta yi shiru. Aka sha fura, aka yi mini jaje, kowa ya ɗauki sifikarsa. Malam Idi ya ce ƙila hannun ne bai isa ba.

Malam Sale bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Malam, ba gayyar manoma ka tara ba, gayyar maciya ka tara. Sifika ba ta taya amfilifaya aiki, ci take yi a jikinta." Ya nuna mini rubutu ƙanana a bayanta, wai kada a sauka ƙasa da om huɗu. Na ce ai ban sauka ba, hawa na yi, om takwas sau sifika huɗu a kowane gefe, talatin da biyu. Ya ce a'a, yadda na haɗa su, sifika huɗu masu om takwas om biyu suke bayarwa, kuma duk sa'ad da lambar ta ragu, kayan ne suka ƙara nauyi. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da lissafi a firamare. Da yaro ya kawo mini wannan amsa, da ya kwana da zafin kunne. Yau ga shi an ce ita ce daidai, kuma hayaƙi ya shaida.

Na huɗu. Na koma Toranke da gawar amfilifaya a bayan babur, na tarar da Ya Fanna a gindin darbejiya tana tsince wake. Na fara yi mata bayanin om. Ta ce in miƙo mata rikodar. Na ce Ya Fanna, ai ita ce ta kasa tun farko. Ta ce, "Kai dai miƙo." Ta saka batir biyu, ta kwance ɗankwali ta gefen hagu, ta manna rikodar a kunnenta kamar mai jin sirri. Na ga hannunta ya tsaya. Ta yi murmushi. Ta ce wani abu da Barbarci, da murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai ba da amsa. Ta share ido da bakin zane, ta mayar da kaset baya, ta sake ji. Da ta ajiye na juya rikodar na duba bayanta. Wat biyu.

Na tambaye ta abin da ya ce. Ta ce yawanci ba nawa ba ne. Ya gaishe da kowa, ya ce hanya ta yi ruwa, ya ce miyar can ba ta kai tata ba. Sai ta dube ni ta ce akwai dai saƙo guda da sunana a kai, a ƙarshen kaset, kuma har sau biyu ya nanata: "A gaya wa Bukar kada ya kuskura ya taɓa mini sifikoki. Duk abin da ya taɓa sai ya yi hayaƙi."

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna. Ku zaɓi mudu ɗaya ku riƙa auna wat da shi, in na tafiyar garma ne a faɗa, in na harbin kunama ne a zana kunamar a kwali. Ku umarci 'ya'yan ƙungiyarku, kafin su miƙa leda, su tambayi mai saye wace sifika gare shi, om nawa ce, guda nawa zai jona, kuma kunnen wa yake nema. A bayan kowace amfilifaya a rubuta da manyan baƙi, da boko da ajami, cewa ba a yi mata gayya. A ƙarshe, in akwai mai ƙaramin bakin tsohuwar sifika ta katako, wat arba'in, om takwas, ya kai wa Malam Sale a Balan. Kada ya biyo ta hannuna.

Allah ya ƙara maka girma, ya albarkaci kasuwarku, ya sa abin da ke cikin kwalayenku ya yi daidai da abin da ke bayansu, ya bar maka kunnenka har ƙarshen rayuwa.

Na so in nemi a hukunta wani, amma na rasa wanda zan kama tsakanin Injiniya da kunama da lissafi. Laifi ɗaya ne ya tabbata da shaida, wato saɓa wa umarnin mahaifi, wanda aka naɗa da muryarsa. Don haka kotun da na kafa wa kaina ta zauna, ta same ni da laifi, ta ci ni tarar batir biyu duk ranar kasuwa, a kai wa Ya Fanna muddin kunnen hagu yana aiki. Sifikar da ta rage kuwa an mayar mata da ƙyallenta, kuma an hana ni kusantarta da ƙasa da taki uku.

Wassalam.

Naka mai biyayya cikin ruɗani,
Malam Bukar na Ya Fanna, Gaya.