Sunan Baba a Hannun Surukinka

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Ya jikinka, ya Hadiza da yara, ya zaman Kwatano? Mu nan Illela lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Shafin intanet na shagonmu na turare kullum a rufe yake, har masu saye daga Konni sun gaji da ƙorafi. Na nemi wani kamfani ya ɗauke shi, suka ce in fara duba wanda aka yi wa rajistar adireshin shafin. Na duba, Sanusi. Adireshin da ke ɗauke da sunan Baba, surukinka Alhaji Bala ne mai shi, tun ranar da kamfaninsa ya buɗe mana shafin.

Na same shi a ofis. Ya ce, "Haba Hajiya, ai duk gida ne." Na ce, "In duk gida ne, mi ya hana ka rubuta sunan gidan?" Ya yi dariya, ya ce in na tashi daga kamfaninsa, adireshin yana nan wurinsa.

Laifinmu ne. Kunyar suruki ta hana ka neman takarda, aka shafa fatiha aka watse. Baba kuwa ko rumfa zai kama a kasuwa sai ya kira shaidu.

Ka kira Alhaji Bala yau, ya mayar da rajistar zuwa sunanmu, a rubuce. In nauyinsa kake ji, matarka ta yi magana, ai mahaifinta ne.

Ka gaida kowa. Ku taya ni addu'a Allah Ya riƙe mini harshena, don jibi zan koma ofishin nan.

Yayarka,
Rabi