Zaren da Kika Ajiye wa Amal

Zuwa ga Hajja Sakina, ungozomar Umdurman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin rahamar Allah, ko kina raye ko kin riga mu. Ni ce Hauwa'u, matar ɗalibin nan ɗan Funtuwa, wadda kika karɓi haihuwarta ta fari a shekarun mulkin soja, lokacin da kayan asibiti suka yi wuya. Ban san inda zan aika miki ba, shi ya sa na rubuta a fili.

Da hantsi ne. Kan yarinyar ya ƙi fitowa, kika yi mini ƙari. Da ta tsala kuka sai jikina ya saki. Fanka tana juyawa a hankali, hasken taga yana malala a bango kamar ruwa, Larabci yana wucewa ta kaina ban kama ko kalma ɗaya ba. Can na ji an ce, "Sannu 'yata, kin gama mai wuyar." Na ɗauka mahaifiyata ce ta taso daga gida. Ashe ke ce, jikar mahajjatan ƙasarmu da suka yada zango a can ba su koma ba. Hausarki irin ta kakata ce, sai dai ta sha Larabci.

Saura ɗinki. Zare biyu ne a kan tire: baƙin siliki, wanda sai an dawo an cire, da na hanjin tumaki, mai narkewa amma mai sa zogi. Kika tambaye ni wa zai kula da ni. Na ce ba kowa sai maigidana, a ɗaki ɗaya bayan Kasuwar Libiya, mota biyu tsakaninmu da asibiti.

Kin daɗe kina kallon tiren nan. Sannan kika buɗe jakarki, kika ciro wani zare a cikin 'yar takarda mai ƙyalli da ba a taɓa farkewa ba. Kika ce, "Nama mai taushi sai zare mai taushi. Wannan da kansa zai tafi."

Kika yi mini allurar kashe zafi, kina ɗinki kina salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa sai na ga kamar ina cikin kwalekwale a kan Nilu, ana tura ni ba gaggawa, jaririyata a ƙirjina. Kafin suna ina zama da kaina a tabarma.

Da na yi arba'in na zo gaishe ki da dabino. Na tarar da 'yarki Amal kwance a gefe ɗaya kan gadon igiya, jaririnta na sati uku, ta kasa zama. Ita ta gaya mini, tana dariya tana cije leɓe: zaren nan wanta ne ya aiko daga Jidda, guda ɗaya tak, domin ita. Da ranarta ta zo, da na hanji kika ɗinke ta, wurin ya kumbura.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ke ko kai ba ki ɗaga ba, kina ta fifita garwashin kofi. Abin da kika ce kawai shi ne, "Ita tana da uwa a gida."

Amal ta warke, har ta raka mu ranar da za mu koma. Amma ban yi miki godiya ba, Inna. Kunya ta ɗaure mini baki, na ce sai na dawo, ban kuwa dawo ba.

Ya Allah, ka tausasa wa Inna Sakina makwancinta, a ɗaki ne ko a kabari. Ka ba Amal da zuriyarta mai tsaya musu a duk inda suka zama baƙi. Amin.

Na gode, Inna.

'Yarki,
Hauwa'u